Ranar da Hakimi Ya Juya Dutsen Tawada

Ƙarar kuge Malam Meng Tailai ya fara ji daga wajen gada, bai ko ɗaga kai daga littafinsa ba. Hakimi ne zai wuce da dogaransa, ina ruwan wani. Sai da ƙarar ta zo daidai ƙofar gidansa ta tsaya cak, sannan ya saki shafin da yake shirin buɗewa. Tsoho Tu mai gadi ya faɗo ɗakin karatu babu neman izini, kitson ƙeyarsa na lilo, yana haki.

"Malam, Hakimi Gan ne da kansa! Har sun sauke kujerar da suka ɗauko shi a kai a zaure. Wai dutsen tawadarka ya zo gani."

Nan take Meng ya kai ido kan tebur. Dutsen kuwa ga shi nan a gabansa, zaune daram cikin mazauninsa na baƙin katako, a wanke tas kamar yadda uwargidansa take kawo masa shi kowace safiya. Tsohon dutsen niƙa tawada ne daga ramukan haƙar dutse na Duan, launin hantar doki, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Wanda ya sassaƙa shi tun zamanin kakannin kakanni ya tarar da wani ɗigon kore a jikinsa, irin wanda ake kira idon dutse, sai ya zagaye shi da gajimare ya mai da shi wata. Duk wannan a sama yake, kowa ya gani ba laifi. Masifar a ƙarƙashi take.

A bayan dutsen, Malam Lang Buyun ya sassaƙa layi biyu da hannunsa ranar da ya sallami Meng daga karatu: "Na niƙa kwanakina a kan wannan dutse, kai ma niƙa naka. Ga ɗalibina Meng Tailai." Ya sa sunansa a ƙasa. Bayan 'yan shekaru aka tsinci wata magana a littafin tarihin da Malam Lang ya rubuta, aka ce ya ci mutuncin gidan sarauta. Aka sare kansa a bakin kasuwa, aka kora matarsa da jikokinsa arewa mai ƙanƙara su yi wa sojoji bauta. Aka yi shela cewa duk mai wani abu da ke ɗauke da sunan Lang, takarda ce, mafici ne, allo ne, ya kawo a ƙona, wanda kuma aka kama da shi daga baya hukuncinsu ɗaya. Meng ya kai littattafai, ya tsaya yana kallo aka cinna musu wuta. Dutsen ne dai bai kai ba. An fi shekara goma da yin wannan, amma dokar ba ta tsufa ba. Ko bara an tashi gida guda a gundumar maƙwabta saboda mafici.

Shi kuwa Meng, in za a faɗi gaskiya, wannan dutsen shi ne abin tinƙahonsa. Jarrabawar gwamnati ta yi ta kayar da shi har ya gaji ya bari, bai taɓa riƙe ko ɗan ƙaramin muƙami ba, amma a ransa yakan ce duk garin nan shi kaɗai ne bai sayar da malaminsa ba. In giyar shinkafa ta ɗan hau masa kai a taron abokai, sai ya lumshe ido ya ce, "Akwai abin da ke ɗakina wanda ba kowane namiji ke da zuciyar ajiyewa ba." Daga nan ba ya ƙara komai. To amma baki shi ke yanka wuya. Ga shi maganar ta yi ƙafa ta je har kunnen hakimi.

Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya wurga shi kogi ta taga? Ya leƙa, sai ga dogarai biyu tsaye a matakalar ruwa ta bayan gida, ɗaya yana sakace haƙori. Ya ɓoye ya ce ya ɓata? Rabin gari sun san yana nan, in aka binciko shi kuma abin ya fi muni. Ya tuna ɗansa Yuan da ke birni yana shirin jarrabawa, da surukarsa mai tsohon ciki a can cikin gida, da matarsa Uwar Yuan wadda ƙafafunta ko kasuwa ba sa kai ta ballantana arewa. Takun takalma kuwa har ya iso tsakar gida.

Dabara ɗaya tak ta faɗo masa. Duk mai son duwatsu, in aka miƙa masa dutse, sai ya hura masa numfashi, ya ƙwanƙwasa ya ji amo, sannan ya juya ya karanta baya. Amma babu mai juya dutsen da ke cike da tawada. Meng ya fizgi 'yar butar ruwa ya tsiyaya, ya ɗauki sandar busasshiyar tawada ya hau niƙa ta a kan dutsen ba ji ba gani. Ruwan ya yi duhu, ya gangara ya taru a gurbin da ke ƙarƙashin gajimaren, daidai lokacin da aka ɗaga labule.

Hakimi Gan gajere ne mai ɗan tumbi, faratansa zaƙo-zaƙo, murmushi ba ya barin fuskarsa. Bai daɗe da zuwa garin ba, amma an riga an san shi da abu biyu. Yana son duwatsun tawada kamar ransa, kuma maficin nan na bara shi ya tono shi, da shi ma ya samu ƙarin girma.

Meng ya zube. "Ranka ya daɗe, wace sa'a ce ta kawo babban baƙo wannan kango? Ai da an aiko, ni zan zo da ƙafata."

"Tashi, tashi, Malam. Yau ba hakimi ne ya zo ba, mahaukacin duwatsu ne." Idonsa tuni yana kan tebur. "Af! Shi ne wannan? Kai, kai, kai. Ashe ba ƙarya aka yi mini ba. Dubi ido!" Ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ya ga tawadar tana sheƙi, ya tsaya. "Haba Malam, ka cika shi?"

"Ranka ya daɗe, ina jin kugenka a ƙofa na ce yau sama ta dube ni. Duk lardin nan zancen rubutun hannunka ake yi. Ɗakin nan shekara da shekaru ba shi da allon suna, na ce ko za a yi mini bulala sai na roƙe ka ka rubuta mini. Shi ya sa na yi rashin kunya na fara niƙa."

Yabo kuwa ba wanda ba ya ratsawa. Hakimi ya yi dariya har tumbinsa na motsi, ya ce hannunsa ai hannun mai koyo ne, yana faɗa yana naɗe hannun riga. Meng ya shimfiɗa babbar takarda, ya danne gefunanta.

A nan ya gane wautar da ya tafka. Allon suna da babban alƙalami ake rubuta shi, mai gashi kamar wutsiyar akuya. Tsomawa ɗaya hakimi ya yi, alƙalamin ya shanye fiye da rabin gurbin. Tsomawa ta biyu, har ƙasan gurbin ya fara bayyana. Meng ya yi wuf ya ƙara ruwa, ya ci gaba da niƙa.

"Daga ina dutsen nan ya zo hannunka?" in ji hakimi, idonsa na kan takarda.

"Gado ne, ranka ya daɗe."

"Gado. Na uba?"

"Na uba."

"To, to. Ni kuwa an ce mini mahaifinka fataucin gishiri ya yi."

"Masu gishiri ma sukan sayi abin da ba su san kansa ba, ranka ya daɗe."

Hakimi ya ƙyalƙyale da dariya, ya ja wani dogon layi ya ƙarasa harafi. "Gaskiyarka. Wa ya karantar da kai?"

Wannan kam ba ta ƙaryatuwa, kowa a garin ya sani. Meng ya ce, "Malamai da dama. Na kuma ɗan zauna a gaban wancan mai laifin da aka hukunta, lokacin ina da ƙuruciya ban san fari ba ban san baƙi ba. Abin da ke da sunansa duk na kai an ƙona a gaban hukuma."

Wancan mai laifin. Kalmar ta fita daga bakinsa sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba, kuma ta ƙona shi har cikin ƙirji. Mutumin da ya riƙe masa hannu ya koya masa jan layin farko ke nan. Ya tsani kansa, amma hannunsa bai daina zagaye a kan dutsen ba.

"Sannu, sannu!" Hakimi ya ɗaga alƙalami. "Tawada kake niƙa ko gero? Ai kamar mai jinya ake niƙa ta, a hankali. Dubi kumfa. Kuma hannunka rawa yake yi, Malam."

"Tsufa ne, ranka ya daɗe."

"Tsufa har da gumi, a wannan sanyin?" Ya dube shi ta wutsiyar ido, yana murmushin nan nasa, ya koma kan takarda.

Allo ya ƙare. Meng ya yaba, ya ƙara yabawa, ya ce haruffan kamar za su tashi su yi tafiya, sannan ya roƙi layi biyu na ratayawa a ginshiƙan zaure. Hakimi ya rubuta. Ya roƙi wani ɗan rubutu da zai aika wa ɗansa a birni don neman albarka. Hakimi ya rubuta, amma wannan karon bai yi dariya ba. An kawo shayi ya huce a inda aka ajiye shi. Rana ta karkata, haskenta ya sauko daga bango ya kwanta a kan tebur. Kafaɗar Meng ta yi tsami, sandar tawadar da ya fara da ita sabuwa ta koma guntuwa, yatsunsa har suna taɓa ruwan.

"Ranka ya daɗe, da za ka ƙara mini ko..."

"Ya isa haka." Hakimi ya ajiye alƙalami a mazauninsa. "So kake in rubuta maka kundi? Ni dutse na zo gani, ka mai da ni magatakarda."

Akwai sauran tawada a gurbin, Meng ya tabbatar da haka. Ya ɗauko murfin katako da sauri. "Ranka ya daɗe, ga shi ya ɓaci da tawada, kuma haske ya tafi. Bari in rufe shi. Gobe da sassafe uwargida za ta wanke shi kamar kullum, in kawo shi har fada da kaina, ka duba a tsanake." Dare ɗaya kawai yake nema. Da dare ɗaya mutum yana iya yin abubuwa da yawa.

Murmushin hakimi ya ɗauke, karon farko tun shigowarsa. "Me ka ce? Tawada ta kwana a kan dutsen Duan? Ta bushe ta toshe masa jiki? Kai, Malam, an ce mini kai masani ne. Mutum ya bar fuskarsa da dauɗa, wannan ruwansa, amma ba dutse irin wannan ba. In na bar haka ta faru a gabana ban haifu ba." Ya ɗaga murya. "Kai tsoho! Kawo kwano babba, da ruwan rijiya mai sanyi, kada ka kuskura ka haɗa da na zafi. Da busasshen kan bado na gogewa. Ni zan wanke shi da hannuna."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Meng ya tsaya riƙe da murfi, yana ji tsoho Tu na jan guga a tsakar gida.

Aka kawo kwano. Hakimi ya sa hannu biyu ya ɗaga dutsen daga mazauninsa a kwance, a hankali don kada tawada ta zuba masa a riga, ya nutsa shi cikin ruwa. Ruwan ya koma baƙi ƙirin, dutse da hannuwa duk suka ɓace a ciki. Ya ɗauki kan badon yana goga saman a hankali, yana 'yar waƙa ta hanci. Ɗaya hannun kuwa yana ƙarƙashi, yana tallafe da bayan dutsen, daidai inda sunan yake.

Meng ya kafe fuskar mutumin da ido. Ya ga 'yar waƙar ta tsaya. Ya ga girarsa ta haɗu. Ya ga kafaɗar hannun da ke ƙasa tana motsi, alamar yatsu na shafawa, suna komawa, suna sake shafawa. Ya shirya maganar a bakinsa: ni kaɗai na sani, ranka ya daɗe, matata ba ta karatu, ɗana bai taɓa gani ba, a sare ni a bar su. Ya san ba a bar na Malam Lang ba. Duk da haka ya buɗe baki.

Hakimi ya tsamo dutsen. Ya goge shi da ƙyallen siliki, ya kai shi bakinsa ya hura, raɓa ta kwanta a kai. Ya ɗora shi a kan yatsu ya ƙwanƙwasa da farce, ya ba da amo a dushe kamar na itace, irin wanda ake so. Sannan ya juya shi.

Babu komai.

Meng ya ƙifta ido, ya ɗauka tsoro ne ya makantar da shi. Ya matso. Babu layi biyu, babu sunansa, babu sunan Malam Lang. Bayan dutsen ya loɓa a tsakiya kamar tsohon dutsen wasa wuƙa, duk ƙarzuwa ta ko'ina, ba tsari ba fasali. Kuma ba aikin jiya ba ne, don wurin ya yi duhu ya sha hannu, launinsa ya zama ɗaya da sauran jikin.

"Wane la'ananne ne ya yi wannan aika-aikar?" in ji hakimi, muryarsa a ƙasa.

"Haka..." in ji Meng. "Haka na gaje shi, ranka ya daɗe."

"Haka ka gaje shi." Hakimi ya kai dutsen bakin taga, ya karkata shi ga sauran haske, ya rufe ido ɗaya. "An ci kaurin tsabar shinkafa a nan. Ba wanda ke cin bayan dutse haka kawai don ya gaji da zama. Wani abu aka share." Ya dawo ya kife shi a kan tebur. "Ba komai. In an bar ko gindin harafi ɗaya, takarda za ta faɗa mana. Ba ni farar takarda, mafi laushi da kake da ita."

Ashe wankan ma somin-taɓi ne. Meng da hannunsa ya miƙa takardar. Hakimi ya jiƙa ta, ya shimfiɗa a bayan dutsen, ya bi ta da busasshen alƙalami yana dannawa har ta shige kowane ɗan rami. Ya zauna yana jira ta sha iska, yana kaɗa ƙafa. Da ta kusa bushewa sai ya dunƙule ƙyalle, ya dangwali tawada, ya fara bubbuga takardar a hankali. Inda dutse yake a shafe, takarda ta yi baƙi. Inda akwai rami, sai ta bar fari.

Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai bugun ƙyallen. Fararen zare-zare suka yi ta fitowa barkatai, ƙarzuwa ce kawai. Ya gama sama. Ya gama tsakiya. Ya sauko kusurwar hagu ta ƙasa, sai ga wani ɗan farin layi ya fito, gajere, mai kauri a farko da siriri a ƙarshe.

Meng ya kafe layin da ido. Ya san wannan jan. Wutsiyar harafin ƙarshe ce ta sunan malaminsa, yadda yake sakin hannu in ya zo ƙarshen suna.

Hakimi ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa takardar. Ya ɓare ta, ya ɗaga, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya kifa ta. "Wannan fa, Malam? Ƙafar harafi ce ko ƙarzuwa?"

"Ranka ya daɗe ya fi ni ido."

"Na fi ka, gaskiya ne." Ya daɗe yana kallonta. Layi ɗaya ne tilo, haruffa dubu suna da irinsa, kuma ko alƙalin da ya fi kowa ƙishin jini ba zai aika wa babban birni da layi ɗaya ba. Ya ja tsaki, ya cukuikuye takardar ya jefa cikin baƙin ruwan kwanon.

Ya sauke hannun rigarsa, murmushin ya dawo. "Bari in gaya maka gaskiya, Malam Meng, tunda ka shayar da ni shayi mai sanyi. Na fito yau da niyyar in koma da ɗaya cikin biyu, ko dutse ko mai dutse. Dutsen an kashe shi, ba zan sa shi cikin nawa ba. Mai dutsen kuwa, yau dai ba ni da igiyar ɗaure shi." Ya kai bakin labule ya waiwayo. "Wanda ya yi aikin nan bai san darajar dutse ba ko ta ƙwayar gero. Amma ya san doka."

Meng ya raka shi zaure, ya durƙusa, aka ɗaga kujera, kuge ya kama ƙara ya yi nisa. Ya koma ɗaki ya ɗauki dutsen. Tsoro na sakin sa, sai fushi ya maye gurbin, irin fushin da ke sa kunne zafi. Mutum ɗaya ne a duniya ke taɓa dutsen nan bayan shi.

Ya sami matarsa a tsakar gida ta baya, bakin rijiya, hannuwanta cikin randa tana danna kabeji da gishiri. Uwar Yuan ba ta ɗago ba.

"Mene ne wannan?" Ya miƙa mata bayan dutsen.

"Ya tafi?"

"Tambayarki nake yi!"

"Ni ma tambaya na yi, Malam. Ya tafi, ko yana zaure yana jiran a kawo sarƙa?"

"Ya tafi."

Sai ta zare hannuwanta daga randar, ta zauna a bakin rijiya. Gishiri yana ta zuba daga yatsunta.

"Ke kika yi?"

"To wa? Tsoho Tu?"

"Da me?"

"Da dutsen wasa wuƙa na madafa, da yashi. Tun makon da aka sare shi. Kullum in na fito da shi wanki sai in ɗan ci kaɗan. Bazara na fara, sai da aka girbe shinkafa na gama."

"Hannun malamina!" Muryarsa ta fashe. "Abu ɗaya da ya rage nasa a duk faɗin duniya, kika sa a dutsen wuƙa kamar kan kifi! Wa ya ba ki izini? Ni na zaɓi in ajiye shi, ni na sa wuyana..."

"Wuyanka?" Ta ɗago, idonta jawur. "Wuyan Yuan dai, da nawa. Ka tambaye mu? Ka ga matar Malam Lang ranar da aka fita da su? Ni na gan ta. Tsohuwa da igiya a ƙugu, takalmi ɗaya a ƙafa. Kai kana ɗaki ka rufe taga."

Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ranar da na gama, na mai da shi mazauninsa na kawo maka, na koma ɗaki na ɗaure kayana. Na ce yau zai juya ya gani, ya niƙa tawada a kai ya rubuta mini takardar saki. Na ce ba komai, in koma gidanmu, yarona dai ya tsira. Ka wuni ba ka ce uffan ba. Washegari haka. Kayana suka yi ta zama a ɗaure har sanyi ya shigo na buƙaci rigunan ciki, na kwance. Sannan na gane. Ba ka juya shi, Malam. Tun ranar da aka sare mutumin nan ba ka ƙara duban sunansa ba."

Meng ya so ya ce ƙarya ne. Ya laluba cikin shekarun nan duka yana neman safiya ɗaya, ɗaya tak, da ya ɗaga dutsen daga mazauninsa ya karanta layukan. Bai samu ba. Da can yakan ce wa kansa baƙin ciki ne ke hana shi. Yanzu a bakin rijiyar nan ya san sunan abin, tsoro ne. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Muryar ta koma ƙarama.

"In faɗa maka in bar ka da me? Jarrabawa ta ƙi ka, muƙami ya ƙi ka. Wannan kaɗai ke sa ka miƙe wuya in ka shiga cikin mutane. Sai na bar maka."

Daga cikin gida ana jin surukarsu tana tari, tana jan ƙafa zuwa madafa.

Uwar Yuan ta share hanci da bayan hannu. "Ina bayan bango na ji ya ce a kawo takarda, sai na ce shi ke nan. Akwai wani lungu a ƙasa da ya yi zurfi, hannuna ya kasa cinye shi. Ya fito?"

"Ya fito."

"To irinsu ba sa haƙura. Zai kwana yana tunani, ya dawo da wani mai ido." Ta miƙe da kyar, ta shiga madafa, ta fito da dutsen wasa wuƙa. Ta miƙa hannu. "Kawo."

Meng ya dubi kusurwar. Ga shi nan, ɗan layi gajere, mai kauri a farko da siriri a ƙarshe. Rabonsa da ganin hannun malaminsa tun mutumin yana da rai. Ya ɗora babban yatsa a kai, ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe, ya sake bi.

"Kawo mana, Malam, haske na tafiya."

"A'a," ya ce. "Ba ni."

Ta tsaya tana dubansa, sannan ta ba shi. Ya tattare rigarsa ta malamai, ya durƙusa a jiƙaƙƙen daɓen bakin rijiya, ya kife dutsen tawadar a kan gwiwarsa ya fara gogawa. Bai iya ba, dutsen wuƙar sai zamewa yake, kuma hawaye sun hana shi ganin wurin sosai. Uwar Yuan ta ɗebo ruwa a ludayi ta tsuguna kusa da shi, ta kama hannunsa ta gyara masa riƙo, tana tsiyaya masa ruwan kaɗan-kaɗan yana gogawa.